Sabo Turken Wawa

Ni ne mutumin nan da kwamfuta ke ce wa "a'a", shi kuma ya ɗauka ciniki aka fara. Duk wanda ya tashi a Kano ya san in mai kaya ya ce maka "albarka" ba korar ka ya yi ba, so yake ka ƙara tayi. To da wannan tarbiyyar nake karanta gargaɗin na'ura. Sai ta rubuto mini ɓaro-ɓaro cewa wannan manhaja ba za ta yi aiki a kanta ba, ni kuma in gyara zama, in turo hula gaban goshi, in ce, "To nawa za ki sallama?" Masu hankali in sun ga irin wannan saƙo rufewa suke yi su nemi wata hanya. Ni a daidai nan nake jin aiki ya fara daɗi.

Manhajar da ta mayar da ni haka sunanta PageMaker. Yaran yanzu ba su san ta ba, kuma ba laifinsu ba ne. Wani kamfani mai suna Aldus ne ya fito da ita a Amurka a 1985, Adobe ya saye kamfanin a 1994, ya fitar da ta ƙarshe, wato 7.0, a 2001, shekarar da Windows XP ya fito. A 2004 masu ita da kansu suka sanar cewa sun daina ci gaba da ita, kowa ya koma InDesign. Wato sama da shekara 20 ke nan da iyayenta suka yi mata sutura. Ni ne dai har yau ban yarda a yi mini gaisuwa ba.

A kanta na koyi sana'a, a wani shagon buga takardu a Fagge, lokacin da mai kwamfuta a unguwa da baki ake nuna shi. Katin ɗaurin aure, kalandar 'yan takara, takardun jarrabawar makarantun kuɗi, littattafan soyayya na marubutanmu da ake sarawa a kasuwa, duk ta hannuna suka bi. Yatsuna sun haddace ta. Ina hira da mai kati ina jan rubutu daga shafi zuwa shafi, ko duban madannai ba na yi. In 'yar jar kibiyar nan ta bayyana a ƙasan rubutu, alamar akwai saura da bai sami wuri ba, kafin mai kallo ya gane abin da ya faru na riga na zuba shi a shafi na gaba. Yara masu koyo suna tsaye a bayana, hannu a baya, suna ce mini Oga. Daga baya na bar shagon na kama wani aikin, amma duk kwamfutar da na mallaka, kafin in sa mata komai sai na sa mata PageMaker.

Da tsohuwar kwamfutata ta gaza, na daure na sayi sabuwa ta tafi-da-gidanka, siririya, mai Windows 11. Na kawo ta gida, na yi bismilla, na ciro faifan PageMaker daga jakar da nake ajiye takardun gida da na makaranta. Faifan nan, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, da maka aka rubuta lambar sirrinsa a kai, kuma ban taɓa tambayar wanda ya rubuta ba. Na shafa gefen dama na kwamfutar ina neman maɓallin da ake dannawa bakin faifai ya buɗe. Babu. Na shafa hagu. Na ɗaga ta sama na leƙa ƙarƙashi. Ɗan ƙanwata yana zaune a kan tabarma yana kallo, ya bari sai da na gama zagaye sannan ya ce, "Kawu, ai an daina yi musu wannan wurin." Na ce masa na sani, ƙura nake dubawa.

Aka aro mini na'urar faifai mai igiya a wurin wani maƙwabci. Faifan ya yi ta kuka yana juyawa, can sai ga saƙon gargaɗi. Ban firgita ba, domin na san a cikin Windows akwai ƙofar da aka tanada saboda irinmu: ka danna fayil da ɓangaren dama na linzami, ka shiga bayanansa, ka zaɓi a tafiyar da shi tamkar a kan XP ake. Abin da ke gudana a ciki kuwa, in an tuɓe masa riga, ƙarya ce tsagwaronta. Tsohuwar manhaja takan tambayi na'ura, "Wane Windows ne wannan?" sai a ce mata, "XP ne, kwantar da hankalinki." In ta nemi ajiye wani abu a wurin da yanzu aka hana shiga, sai a karkatar da shi wani lungu, a ce mata an ajiye. Ni da nake zane yara a kan ƙarya, ga ni da tsakar dare ina koya wa na'ura yadda za ta yi wa 'yar'uwarta. Da abin bai wadatar ba, na ɗauki cikakken ikon mai na'ura na damƙa mata, ikon da ɗan ƙanwar tawa ya ce ba a ba wa abin da ba a san asalinsa ba.

Akwai faifai na biyu, na hotunan ado: furanni, zobba, tattabaru biyu riƙe da zare, kayan da muke ƙawata katin biki da su. Shi wannan ko ƙaryar ba ta shigar da shi ba. Ɗan ƙanwata ya yi mini bayani kalma-kalma. Manhajojin zamanin Windows 3.1 a kan tsarin bit 16 aka gina su, na zamanin XP bit 32, Windows 11 kuwa bit 64 ne zalla. Mai 64 yana iya ɗaukar mai 32, amma ba shi da inda zai sa mai 16 irin wannan faifan, don haka ba taurin kai yake yi mini ba. Na saurara har ƙarshe ina gyaɗa kai. Yana fita na sake dannawa. Na kashe kwamfutar na kunna, na sake dannawa. Na ciro faifan na hura masa iska, na goge shi da gefen riga, na mayar. Saƙon bai canza ko wasali ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne ladabin da yake zuwa da shi kowane karo.

PageMaker dai ta shiga. Da tambarinta ya bayyana sai da na yi kabbara, na kira uwargida ta zo ta gani. Ta zo da ludayi a hannu, ta ranƙwafa, ta ce, "Malam, me zan gani?" Da gaskiyarta. Fuskar kwamfutar zamanin da aka yi manhajar ɗigo 800 ne a kwance, 600 a tsaye, in mutum ya ji daɗi 1024 da 768. Tawa sabuwar 1920 ne da 1080, an cusa su a ɗan faɗin da bai kai na da ba. Sai akwatin kayan aiki da sunayen umarni suka ƙanƙance, sai na kusa manna hanci kafin in bambance wannan da wancan. In na ce Windows ya ƙara musu girma, sai rubutun ya yi dishi-dishi. Na yi nazarin matsalar ta kowane ɓangare, na yanke shawara, na tafi aka gwada idona na sayi tabarau. Manhaja ta zauna yadda take, ni aka gyara.

Ana cikin haka makarantar Islamiyyar unguwarmu ta sa ranar walimar sauka, aka ce a yi ɗan littafi: tarihin makaranta, jawabin shugaba, tarihin baƙo mai jawabi, sunayen ɗalibai da hotunansu. A taron kwamiti ni na ɗaga hannu. Ba wanda ya roƙe ni. Har na ƙara da cewa irin wannan aiki muna gama shi kafin shayi ya huce. Malamai suka turo rubutun ta WhatsApp, tsaf, kowace ƙugiya a wurinta, domin wayoyin yanzu suna rubuta ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba. Na kwafa na zuba a PageMaker. Duk harafi mai ƙugiya ya koma alamar tambaya. Ɗalibai suka zama "?alibai", ƙungiyar iyaye ta zama "?ungiya". Shafi guda cike da tambayoyi, kuma duk ni ake tambaya.

Dalilin na san shi, mantawa na yi da gangan. PageMaker gurbi 256 kacal take da shi na haruffa, kuma haruffan Turai sun cinye su. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991 domin kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa, ya daɗe da ba ƙugiyoyinmu gurbi, amma ita ba ta san da zamansa ba. A zamaninmu dabara aka yi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera salon haruffa masu ƙugiya, Rabi'at da Abdalla, a shekarun 1990, wasu ma suka yi nasu, kuma Allah ya saka musu da alheri, domin da irinsu aka buga littattafai da jaridu da kundayen digiri masu yawa. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana mai ƙugiya a kai. Wasu salon sun ari alamomin baka, wanda na saba da shi kuwa q ne ƙ, x ne ɗ, v ne ɓ. Ido yana ganin ƙ, amma ita na'ura q ta sani.

Saboda haka na zauna na bi rubutun malamai, wanda yake daidai, na lalata shi da hannuna: duk ɗ na mayar x, duk ƙ na mayar q, don tsohuwa ta nuna mini shi daidai. Ya kuwa yi kyau. Na buga gwaji na kai kwamiti ina taƙama. Abin da na manta shi ne tarihin baƙo mai jawabi yana da sunayen makarantu da Turanci, kuma salon haruffan ba ya tambayar harshe, duk v da ya gani lanƙwasa ta yake yi. Shugaban makaranta ya gyara tabarau, ya karanta a bainar jama'a, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan Uniɓersity ɗin a ina take, ko cikin sababbin nan ce?" An yi dariya har da masu share hawaye. A daren ne ɗan ƙanwata ya nuna mini cewa tun Windows 7 akwai allon madannan Hausa a cikin Windows, da ƙugiyoyi na gaske. Wato duk shekarun nan yana cikin kowace kwamfutar da na mallaka, ban taɓa leƙa shi ba.

Sai kuma faɗuwa. Ina tsakiyar jera hotunan ɗalibai sai manhajar ta ɓace daga fuskar kwamfuta, ba sallama, ba saƙo, ta tafi da duk abin da ban adana ba. Na koyi adanawa bayan kowane motsi, har ya zama ko wasiƙa nake karantawa yatsana yana neman maɓallin. Ga shi PageMaker kuskure ɗaya take yafewa, na ƙarshe. In ka yi biyu a jere, na farkon ya zama naka har abada. Manhajojin yanzu suna barin mutum ya ja da baya mataki da yawa, amma ni na taɓa tsayawa a gaban mutane na ce wannan ragwanci yake koya wa yara. Daren da na share shafi guda, sannan na matsar da wani hoto kafin in lura, na tuna da wannan magana tawa, ban kuwa ji daɗinta ba.

Da aka zo fitar da littafin a matsayin PDF, abin da masu maɗaba'a ke karɓa, sai aka koma gidan jiya. PageMaker ba ta yin PDF da kanta. Takan rubuta aikin da harshen firinta mai suna PostScript, ta miƙa wa wata abokiyar tafiyarta, Acrobat Distiller 5, ita kuma ta juya shi. Kowace a cikinsu tana neman direban firinta irin na zamaninta, ga shi babu. Saƙo ya fito cewa wani fayil ya ɓata. Na kwafi sunansa na shiga intanet, na faɗa wani shafi mai maɓallan saukewa kore-kore har ban san na gaskiya ba, na danna mafi girma. Manhajar tsaro ta yi tsalle ta tare, ta ce akwai haɗari. Na kashe ta. Ina so mai karatu ya lura da wannan: ba ɓarawo ne ya kashe ta ba, ni ne, da alwalata, ina cewa tana hana ni aiki. Kafin gari ya waye kwamfutar ta cika da tallace-tallacen caca da na maganin ƙarfi, suna buɗe kansu, ɗaya ma a gaban surukina da ya zo gaishe ni. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Na ce ba komai, in kai musu fayil ɗin yadda yake. Na sa a filashi na nufi maɗaba'a. Yaron da ke kan kwamfuta ya buɗe, ya ga sunan fayil ya ƙare da pmd, ya dube shi, ya dube ni. "Baba, da me aka yi wannan?" Na faɗa masa, da irin muryar da nake tsammanin za ta sa ya miƙe tsaye. Ya kira na kusa da shi, shi ma ya kira wani. A ƙarshe aka kira mai wurin, mai furfura irina, ya yi murmushi ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun kafin ya yi aure na biyu. Su CorelDRAW suke aiki da ita, ko a kawo PDF. Ina juyawa na ji yaron yana ce wa abokinsa ƙasa-ƙasa, "Wannan ai sai Gidan Makama." Na yi kamar ban ji ba, na tsaya a bakin ƙofa ina amsa wayar da ba wanda ya kira.

Da yamma a majalisa, maimakon in kama bakina, sai na zama lauyan tsofaffin kaya. Na ce George R. R. Martin, marubucin nan na Amurka da aka yi Game of Thrones daga littattafansa, ya faɗa da bakinsa a talabijin a 2014 cewa da WordStar 4.0 yake rubutu, manhajar shekarun 1980. Na ce gwamnatin Japan sai a 2024 ta sanar cewa ta rabu da faifan fulofi a ayyukanta. Na ce sojan saman Amurka sai a 2019 suka daina amfani da fulofi mai inci 8 a tsarin sadarwar makamansu na nukiliya. Na rufe da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Jama'a suka jinjina. Da na maimaita huɗubar a gida, 'yata ta ɗan duba wayarta ta ce, "Abba, shi fa marubucin nan wata kwamfuta ya ware daban mai DOS, wadda ba ta haɗe da intanet. Bai sayi sabuwa ya tilasta mata ba." Na ce ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

In za a yi adalci, masu Windows sun yi haƙuri da irina fiye da kima. Sanannen labari ne a cikin masu rubuta manhaja cewa lokacin da ake shirya Windows 95 an gano wasan SimCity yana da wani kuskure: yakan koma ya karanta wurin ajiyar da ya riga ya saki. A tsohon tsari hakan bai hana shi aiki ba, a sabon kuwa faɗuwa yake yi. Maimakon a ce masu wasan su ji da shi, sai aka sa Windows ya riƙa gane SimCity, in ya gan shi ya jinkirta karɓe wurin. Irin wannan faci yana nan jibge a cikin Windows har yau. Su Apple ba sa wannan lallashi: a 2019, da fitowar macOS Catalina, suka rufe ƙofa ga duk manhajar bit 32, mai kuka ya yi. Ni an yi ta ɗaga mini ƙafa shekara da shekaru, shi ya sa na ɗauka haƙƙina ne.

Da wahala ta yi wahala na rungumi kwamfutar na tafi kasuwar Farm Centre. Yaron da aka nuna mini bai kai ɗana na fari ba. Ya saurari labarin bai yi dariya ba, abin da har gobe nake gode masa. Ya share ƙazantar da na kwaso, ya kunna manhajar tsaro, ya shiga saitin da ke can ƙasan na'ura ya buɗe wani abu, sannan ya ɗora VirtualBox, wadda kyauta ce. Aikinta ta gina kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske, da nata wurin ajiya da nata Windows. A ciki ya sa XP, ya sa PageMaker da Distiller, kowa ya ga ɗan'uwansa. "Amma Alhaji, kada ka buɗe wa wannan intanet," in ji shi. Ya ce tun 8 ga Afrilu 2014 aka daina yi wa XP gyaran tsaro. Ya tuna mini da WannaCry, cutar da ta bi kwamfutocin da ba a yi wa gyara ba a watan Mayu 2017, ta kulle fayiloli a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Birtaniya. Sai ga koren tudun nan da shuɗin sama sun bayyana, da ɗan kiɗan buɗewa. PDF ya fita a dannawa ɗaya.

Na dawo gida da filashi a aljihu da jawabin nasara a baki, sai na tarar littafin yana maɗaba'a tuntuni. Ashe da uwargida ta ga walima ta ƙarato, ni kuma kullum ina cewa saura kaɗan, ta tura wa 'yarmu rubutun a ɓoye. Yarinyar ta tsara shi a Canva, a kan wayarta, tana kwance. Ƙugiyoyi daidai, hotuna a jere, University da v ɗinta. Ranar walima shugaban makaranta ya ɗaga littafin ya ce a yi wa Malam addu'a, wanda ya hana idonsa barci saboda wannan aiki. Maganar barcin gaskiya ce. Na miƙe na ɗaga wa jama'a hannu. Daga ɓangaren mata na hango uwargida ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Bayan an watse na zauna da akwatin XP ɗina, komai yana aiki, ba mai gargaɗi, ba mai faɗuwa. Sai na ga abin bai yi mini daɗin da na zata ba. Manhajar tana nan yadda na bar ta, da gurbinta 256 da yafiyarta ɗaya. Abin da babu shi ne yaran nan masu tsayawa a bayana. A PageMaker ni ne Oga. A sabuwar manhaja ni ne mai tsayawa a baya, Ogan kuma 'yar da na yanka wa ragon suna. Mai furfura ya buɗe baki ya ce wa ɗan cikinsa "ban iya ba, nuna mini", wannan ya fi kwana a gaban saƙon gargaɗi nauyi, shi ya sa na zaɓi kwanan. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Na san bakaniken da in aka kawo masa mota mai injekta sai ya ce a cire a sa kafireta, wai ta fi ƙarko, alhali ita ce ya iya kwancewa. Na san akawun da ke shigar da lissafi a kwamfuta, sannan ya sake rubuta shi a babban littafi don kada ta manta. Dukanmu da sunan amana muke kiran abin. Hausawa sun riga sun ba shi nasa sunan: sabo turken wawa.

Abu ɗaya dai akwatin ya amfane ni da shi. Ina da tarin tsofaffin fayiloli masu ƙarewa da p65 da pmd, ayyukan shekaru, har da littattafan mutanen da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. InDesign CS6 ce ta ƙarshe da ke buɗe irinsu, sababbin ba sa yi. Yanzu nakan buɗe su ɗaya bayan ɗaya, in kwashe rubutun, in mayar da q da x da v ƙugiyoyi na gaske, ina lura da kalmomin Turanci wannan karon, in adana ta yadda kowace waya za ta karanta. Rubutun Hausa na waɗancan shekaru da yawa yana kwance a irin wannan hali a kwamfutocin shagunan da suka rufe, kuma wanda ya nemi "ƙasa" a na'ura ba zai taɓa samo "qasa" ba. Da daren da na ɓata ina lallashin manhaja a kan wannan na ɓata shi, da addu'ar walimar nan ta same ni da hujja.

Sabuwar manhajar kuwa na fara koyo. Malamar tana da tsauri, ba ta son a ce mata "a zamaninmu", kuma kuɗin makarantarta katin waya ne. Ina ganin na warke. Shekaranjiya ma wani abokina ya zo da sabuwar kwamfutarsa a leda, ya ce in taimaka in sa masa Office 2003, domin tun da aka sauya wa Word fuska a 2007 bai sake gane inda aka kai komai ba. Na zaunar da shi na yi masa wa'azi mai ratsa jiki, da bit 16 da bit 64, da WannaCry, da karin magana a ƙarshe. Ya yi shiru, jikinsa ya yi sanyi, ya fara mayar da kwamfutar cikin leda. Na ce masa, "Tsaya tukuna. Ka zo da faifan?"